Filin da mace ta saya da sunan Maigida, na wa ne?

Jama'a, wannan ɗabi'a ta ishe mu. Mace ta tara kuɗin adashi da na tuwon sayarwa a Agege, ta sayi fili, sai a ce don kunya a rubuta sunan Maigida a takarda. Ran da ya rasu, dangi su zuba filin cikin gado, ita da kishiyoyinta su raba tumuni in akwai 'ya'ya. Guminta fa!

Masu cewa ai mata da miji abu ɗaya ne, a wane littafi suka gani? Musulunci ya ba mace dukiyarta ita kaɗai. Kotun Legas kuwa sunan da ke takarda take fara dubawa, sai matar ta kawo rasit da shaidu. Ina za ta same su, alhali cikin ɗaki ta miƙa masa kuɗin?