Mata a gidan shari'a: wa ke riƙe da tsanin?

 Kwanakin baya na zauna a rumfar wani aminina ɗan kasuwa, muna shan shayi, sai ya kawo mani kukan wata rigima da ta haɗa shi da wani abokin cinikinsa a kan kuɗin kaya. Na ba shi shawara ya nemi aboka, wato lauya, har na kwatanta masa biron wata mata da na san ta iya aikinta. Sai Alhaji ya aje kofi ya ce: "Haba Malam! Dukiyata zan ɗauka in damƙa wa mace ta tsaya mani gaban alƙali?" Na yi shiru, domin na san wannan bawan Allah yana da ɗiya a lise, kuma kullum alfaharinsa shi ne ta fi ƴan ajinsu ƙoƙari. A raina na ce: to, ranar da ta ƙare karatu ta sa baƙar riga, wane Alhaji ne zai ba ta dosiye?

Wannan magana ce ta sa a wannan mako filin namu zai duba halin da mata ma'aikatan shari'a suke ciki a ƙasarmu Nijar.

Bari mu fara da abin da ba ya da gardama. A shekara ta 2007 aka ɗora Madam Salifu Fatimata Bazeye a kan shugabancin kotun tsarin mulki. Cikin 2009, lokacin da guguwar Tazarce ta taso, kotun da take jagoranta ta soke dokar da ta kira ƙuri'ar raba gardama, a ranar 12 ga watan Yuni. Shugaba Tanja Mamadu ya rushe kotun ranar 29 ga wannan wata. Ko kana cikin masu goyon bayan Tazarce a wancan zamani, ko kana cikin masu adawa da ita, ba za ka ce matar nan ta ji tsoro ba. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 aka sake kiran ta ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, wadda ta tabbatar da sakamakon zaɓen 2011. Daga 2013 zuwa 2019 kuma wata mace ce, Madam Abdullahi Diori Kadijatu Li, ta riƙe kotun tsarin mulki, ita da ta fara rayuwar aiki a matsayin ungozoma ta asibiti kafin ta koma karatun shari'a. Maƙwabtanmu na Najeriya su ma sun ga Aloma Mariam Muktar a kujerar alƙalin alƙalai daga 2012 zuwa 2014. Gani ya kori ji: maganar cewa mace ba ta da ƙwaƙwalwar shari'a ko ba ta da zuciyar yanke hukunci, tarihi ya riga ya rufe ta.

Amma kada waɗannan sunaye su ruɗe mu. Wanda ya saba shiga gidajen shari'a na cikin ƙasa ya san cewa da zarar an bar Yamai, ganin mace a kujerar alƙali ko a bencin lauyoyi abu ne da ake waiwaya a sake kallo. Saman tsanin a buɗe yake, matakan ƙasa ne suka kakkarye. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na fari shi ne lakwal. Kafin yarinya ta zama alƙali, sai ta ƙare firamare, ta wuce kwaleji da lise, ta samu bakaloriya, ta yi shekaru tana karatun shari'a a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a ta Tawa, sannan ta ci jarrabawar shiga makarantar horon ma'aikatan shari'a. Ko ba ta taɓa maimaita aji ba, ta haura shekara 20 nesa ba kusa ba kafin ta yi rantsuwa. Alhali binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan ƙasar nan ana yi masu aure kafin su cika shekara 18, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram sun zarce wannan adadi. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka domin kare karatun ɗiya mace har zuwa shekara 16, amma doka tana kan takarda, hukunci kuwa yana cikin zaure, a bakin uba. Alƙalan mata da muke nema a shekara 15 masu zuwa, yau suna aji shida na firamare, kuma a bana ne za a yanke ko za su ci gaba.

Mataki na biyu shi ne wurin aiki. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan fili sun san abin da ake kira afektasiyo. Sabon alƙali ba ya zaɓen gari. Inda aka tura shi can zai tafi, ko Bilma ce ko Gigimi. Namiji yakan ɗaure kayansa, iyali su biyo shi daga baya, ba wanda zai ce uffan. Mace kuwa, in tana da aure, sai ta zaɓa tsakanin gidanta da kujerarta, domin a al'adarmu ba a saba ganin miji ya bi matarsa ba. Da yawa sukan nemi a bar su kusa da mai gida, galibi a Yamai, cikin wani biro na ma'aikatar shari'a. To amma a kotunan cikin ƙasa ne alƙali yake gogewa, can yake riƙe shugabancin ƙaramar kotu tun da ƙuruciyarsa, kuma wannan ake dubawa ranar rabon manyan muƙamai. Ta haka mace takan tsinci kanta bayan abokan karatunta, ba don sun fi ta sani ba. In an ƙara da hutun haihuwa, wanda doka ta ba ta amma wasu magabata suke ƙirga shi kamar laifi, sai tazarar ta ƙaru.

Mataki na uku ya shafi masu zaman kansu: aboka, noter da wisiye. Su ba su da albashi a ƙarshen wata. Abincinsu yana hannun masu kawo dosiye. A ƙa'idar ƙasashen UEMOA ta 2014, sabon lauya sai ya yi shekara 3 yana koyon aiki a ƙarƙashin wani babba kafin ya tsaya da ƙafarsa. Bayan nan sai hayar biro, da sakatare, da littattafai. Manyan dosiye kuwa, na bankuna da ƴan kwangila da masu shigo da kaya, ba a cikin kotu ake samun su ba. A majalisar dare ake samun su, a wurin ɗaurin aure da zaman makoki, inda maza ke zaune su kaɗai. Mace ba ta zama a nan, in kuma ta zauna a yi da ita. Sai a bar mata shari'ar saki da ciyar da yara, aiki mai yawa, kuɗi kaɗan. Alhali dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasarmu ta shiga tun yarjejeniyar 1993, littafi ɗaya ne mace da namiji suka karanta, jarrabawa ɗaya suka zauna.

Na san akwai mai cewa: ina batun addini? Tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba. Gaskiya ne malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun sa zama namiji cikin sharuɗɗan alƙalanci, haka ma Shafi'iyya da Hambaliyya. Gaskiya ne kuma Hanafiyya sun yarda mace ta yi hukunci a al'amuran da ake karɓar shaidarta, Imam Ɗabari kuwa ya halatta mata gaba ɗaya. Wannan saɓani na malamai ne, su za mu bar wa shi. Abin da zan ƙara kawai shi ne, alƙalin kotun gwamnati ma'aikaci ne mai aiki da rubutacciyar dokar ƙasa, kuma aikin aboka wakilci ne: mutum ya naɗa wanda ya fi shi sanin hanya ya yi magana a madadinsa.

To, mi ƙasa za ta samu in mata sun yawaita a wannan aiki? Ku tuna cewa har yau ba mu da kundin dokar iyali. An gwada a shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, bai yiwu ba. A batun aure, saki, riƙon yara da gado, alƙali da al'adar masu ƙara yake aiki, tare da mataimaka masana al'ada da ke zama gefensa, waɗanda kusan dukansu maza ne. Ga mace ta fito daga ƙauye, ba ta jin faransanci, an ce ta faɗi sirrin ɗakinta gaban maza zalla. Sau nawa kunya take cinye hakki a nan? Hausawa sun ce ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne.

Mutanen jihar Tawa ba su manta da shari'ar Hadijatu Mani ba, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240. Da ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai wata kotu a Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure. Kotun CEDEAO, wadda Nijar take cikinta a lokacin, ita ce ta zauna a Yamai ta yanke a ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umurci a biya ta miliyan 10 na sefa. Cikin alƙalai 3 da suka zauna, 2 mata ne: Aminata Malle Sanogo ta Mali, wadda ta shugabanci zaman, da Awa Nana Daboya ta Togo. Ban ce mace ta fi namiji adalci ba. A kowane jinsi akwai mai tsoron Allah, akwai mai cin hanci. Abin da na ce shi ne, kotun da kunnuwanta suka haɗa maza da mata ta fi kusa da jin magana duka.

Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi tattaki saboda mace ɗaya tak aka sa cikin mutum 68 na kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. A shekara ta 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ware kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A 2019 aka ɗaga su zuwa 25 da 30. Amma alƙalanci ba kujerar da ake rabawa ba ce. Ba a naɗa wadda ba ta ci jarrabawa ba, kuma ba ta cin jarrabawar da aka cire ta daga aji kafin ranarta.

Saboda haka kiran nawa ga ku ne, masu karatu. Kai babban ma'aikaci mai tsara afektasiyo, in ka tura mace cikin ƙasa ka tabbatar akwai gida mai tsaro, ka duba yadda za a haɗa ta da mai gidanta in shi ma ma'aikaci ne, kuma kada ka sa haihuwa cikin ma'aunin ci gaba. Kai mai gida da Allah ya ba mata alƙali ko lauya, ka sani cewa daren da ta kwana kan dosiye hakkin wani bawan Allah take nema. Kai kuma Alhaji, ranar da rigima ta same ka, ka tambayi shari'a nawa lauya ya ci, wa ya taɓa cuta, wa ya riƙe wa amana. Amsar waɗannan ita za ta ceci dukiyarka.

Aminin nawa dai daga bisani ya tafi biron matar nan, yana ta gunaguni. Shari'ar tana nan ba a ƙare ba, ban san yadda za ta kaya ba. Sai dai da muka haɗu a masallaci ya ja ni gefe ya tambaye ni shekara nawa ake yi a karatun shari'a, domin ɗiyarsa za ta zauna bakaloriya baɗi.

Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, maza da mata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.