Tanderun Matafiya: Kada Mu Yi Saurin Saye

'Yan'uwa manoma, a Amurka da Turai masu yawon duwatsu suna da ƙaramin tanderu na ƙarfe marar nauyi, wanda ake naɗewa a sa a jaka. In sun yada zango sai su ɗora shi bisa risho su gasa burodi. Abin sha'awa ne, amma a ganinmu kada ƙungiya ta ɓata kuɗinta a kansa.

Asirinsa ɗaya ne: zafi ya kewaye ƙullu sama da ƙasa, harshen wuta kuwa bai taɓa shi ba. Buzaye sun daɗe da sanin haka, gama sukan binne ƙullu cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi.

Mu da ke kwana a gona lokacin girbi, tukunyar ƙarfe ta ishe mu. A zuba yashi kaurin yatsa biyu a cikinta, a ɗora kwanon ƙullu, a rufe, a zuba garwashi bisa murfin. Risho sai da kananzir. Garwashi kuwa ga shi a murhu.

Amma kada a gasa abinci a garwar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fenti. Kuɗin tanderun kuwa, a sayi iri da shi.