Kan littafin Just One Day da ake ta yawo da shi a hostel

Jama'a, ƙannenmu 'yan aji ɗaya sun rikice a kan littafin nan na Gayle Forman da ya fito a 2013. Allyson, 'yar Amurka da uwarta ta tsara mata karatun likita, ta haɗu da wani Willem a Ingila, ta bi shi Paris na kwana ɗaya. Gari ya waye, babu shi babu labarinsa.

Tafiyar ce kawai ke burge su, wai a saki rayuwa ta tafi yadda ta ga dama. Ni kam ban yarda ba, rabin labarin ke nan. Da ta shiga jami'a karatu ya cakuɗe mata, sai ta sauya darussa, ta koyi Faransanci, ta yi aiki a gidan abinci har ta tara kuɗin komawa Paris da guminta.

Mu da yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa wata takwas, ai ba sai an koya mana rushewar shiri ba. Amma ke da kika baro Katsina zuwa Ibadan, kuɗin motar gida ma sai an yi lissafi. In likitanci bai samu ba, kafin ki tattara kaya, leƙa sashenku ki tambayi yadda ake canjin kwas tun zango bai yi nisa ba.