Yawon Buɗe Ido a Nahiyar Ƙanƙara

Manomin Tsiga bai san ƙanƙara ba sai wadda kan faɗo da ruwan sama ta kakkarya masa shuka. Amma a ƙarshen kudancin duniya akwai nahiya sukutum, wato Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe. Tun daga 1966, lokacin da Lars-Eric Lindblad ya kai ayarin 'yan kallo can, masu hannu da shuni ke shiga jiragen ruwa, galibi daga garin Ushuwaya na Ajantina, domin su ba idonsu abinci. A kakar 2023/24 yawansu ya haura 100,000.

Abin dubawa a nan shi ne, wa ke tsaron wurin? Yarjejeniyar 1959 ta keɓe nahiyar domin zaman lafiya da binciken kimiyya. Sai dai ƙa'idojin yau da kullum, kamar hana sauke fiye da mutum 100 a gaɓa lokaci guda, ƙungiyar kamfanonin jiragen ce, IAATO, ta fi sa ido a kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan. A 2007 jirgin Explorer ya nutse, ko da yake an ceto mutum 154 da ke ciki. Baƙin hayaƙin jiragen kuwa kan sauka bisa ƙanƙara ya gaggauta narkewarta. Ya kyautu ƙasashen yarjejeniyar su ƙayyade yawan jiragen da kansu.