Hannu Ke Zane, Ba Na'ura Ba

Yau maganarmu ta gardama ce.

Wani zance ya shigo garuruwanmu na Arlit da Akokan. Wai zanen hannu ya mutu. Wai yaron da ke son zane, in ba shi da kwamfuta da allon lantarki, gara ya haƙura. Ni ban yarda ba. Kai ma, ɗan'uwa, kada ka yarda.

Bari in gaya maka yadda allon nan yake, don kada a ruɗe ka da shi. Faifai ne mai santsi, da alƙalaminsa wanda ba ya shan tawada. Ana haɗa shi da kwamfuta. Ka ja alƙalami a kan allo, layi ya fito a fuskar kwamfuta. Ka danna da ƙarfi, layi ya yi kauri. Kamfanin da ya fi suna wajen ƙera shi, Wacom, a ƙasar Japan yake, an kafa shi a 1983. Sai kuma manhaja, wato tsarin da ake zubawa cikin na'ura don ta yi aikin. Akwai Krita, kyauta ake samun ta. Akwai ibisPaint, tana aiki ko a wayar salula. Layi ya karkace, ka taɓa wuri guda ya goge. Launi ba ya ƙarewa, riga ba ta ɓaci.

Abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma wa ke riƙe da alƙalamin? In ka ba wanda bai iya noma ba sabuwar hauya, gero zai fito? Wanda hannunsa bai saba ba, ko allon zinariya ka ba shi, raƙuminsa zai yi kama da jaki.

Ka bi hanyar Arlit zuwa Agadas. A gefenta akwai wurin da ake kira Dabus. Can a kan dutse an sassaƙa raƙuman dawa guda 2. Babban ya haura mita 5. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya ba duniya labarinsu a 1987. Daga baya aka ɗauki siffarsu aka zuba ta ƙarfe, aka ajiye a filin jirgin sama na Agadas. Dubi ɗigon jikin dabbar, dubi wuyanta. Wanda ya yi shi ba shi da wuta, ba shi da caji. Dutse ya sa ya sari dutse. Daga baya Turawa masu kwamfuta su ne suka riƙa zuwa ɗaukar hotonsa.

Ba sai mun koma da nisa haka ba. Rissa Ixa, Buzun da aka haifa a 1946, ya yi suna da zane a kan gilashi, yana nuna zaman makiyaya. Hawad, ɗan ƙasar Ayar, da tawada da baƙaƙen Tifinar ya kai zanensa Turai. Malamin da ke yi wa almajiri allon zayyana ranar sauka fa? Zuge da ƙaro ya dama ya sami tawada, ya fiƙe kara ya sami alƙalami. Badukun Agadas da ke ƙawata jaka da sirdi, wace manhaja ya saya?

To, ga abin da ya sa na ɗaga murya. Kamfanin COMINAK na Akokan ya fara fitar da yuraniyom a 1978. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe shi. Ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki. A irin wannan hali ne yaro zai zo ya ce, baba a saya mini allon lantarki. Uba kuma, don ƙauna, ya sayar da akuya ko ya ci bashi. Sai an kawo kaya gida a gane allon ba ya aiki shi kaɗai, sai da kwamfuta. Kwamfuta na son wuta. Wutarmu daga gawayin SONICHAR na Cirozerin take zuwa, ba ruwa ba ce da za a ɗebo a rijiya, kuma ba kowace bukka ta kai ba. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, wanda batir ba ya so. Ga ƙura mai shiga ko'ina. Takarda ta faɗi, ka ɗauka ka kakkaɓe. Gilashin na'ura ya faɗi, kuɗin akuya ya tafi.

Amma ku ma iyaye, kuna da naku laifi. Yaro ya ɗauki gawayi ya zana mota a bango, sai bulala. Ya cika bayan littafinsa na lakwal da raƙuma, a ce ɗan banza ne. Haba jama'a! Wa ya zana kawunan da ke jikin shagon aski? Wa ya rubuta sunan tela a ƙofarsa? Wa ya ƙawata manyan motocin da ke bin hanyar Assamaka? Mai fenti ne, kuma da kuɗi ake biyan sa. Ko allon talla da inji ke bugawa, sai wani mai ido ya tsara shi tukuna. Kai da ka koyi karatu da girma, ka tuna yadda yatsunka suka yi tauri ranar da ka fara riƙe alli. Zane da rubutu uwarsu ɗaya. Yaron da ka hana zane, hannun rubutunsa ka doka.

Ba shi fensir. Ba shi gawayi da bayan kwali. Rairayi ma ya isa, ga shi nan ba a saye, kuma yana gogewa kamar na'ura. Ya zana butar shayi sau 20, ya zana akuya tana kwance. In hannu ya nuna, wayar da ke gidan ta isa ya gwada manhajar kyauta da yatsa, ko ya ɗauki hoton aikinsa ya aika wa mai shago ta WhatsApp. Ranar da fenti ya kawo masa kuɗi, ya sayi allon da guminsa, ba mai hana shi.

Gargaɗi guda, kuma namu ne mu mutanen Arlit. Mai zane yana son faifan ƙarfe da ƙasa mai launi. Kada ya tsinci ko wanne daga wajen ma'adinai. A 2003 masu awo na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta nan garin, sun sami tarkacen ƙarfe mai tururin guba a kasuwar Arlit. Greenpeace ta sake samun irinsa a 2009. Tururin nan ba ya wari, ido ba ya ganin sa. Tsibin dattin COMINAK kuwa ya kai wajen tan miliyan 20. In yaronka zai yi allon shago, ya nemi katako ko sabon kwano. In jar ƙasa yake so ko farar ƙasa, ka tambayi mai sayarwa daga ina aka haƙo ta kafin ka biya.