Ciwon Baya: Aikin Gida Ma Yana Da Ƙa'idarsa

 Yau za mu duba wata magana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tayar, wadda ta shafe mu fiye da kowa. A watan Disamba na 2023 hukumar ta fitar da jagoranta na farko a kan ciwon baya mai daɗewa. Bisa lissafinta, mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, ana kuma tsammanin za su kai miliyan 843 a 2050. Har ila yau, ciwon ya fi yawa ga mata.

To, me ya sa mu? Uwargida, dubi aikinki tun daga asuba. Shara a sunkuye da guntuwar tsintsiya, wanki a sunkuye, tuƙin tuwo a gaban murhu, ga goyo a baya. Idan aka sunkuya daga ƙugu, tsokar baya da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya su ke ɗauke da nauyin jiki. Sau ɗaya ba kome, amma a yi ta maimaitawa shekara da shekaru ba hutu, dole jiki ya koka. Haka kuma ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, watau jarka mai lita 25 daidai take da rabin buhun siminti. Wannan shi muke ɗora wa yarinya 'yar shekara 12 a ka, alhali ƙashinta bai gama ƙwari ba.

Abin lura a nan shi ne, hukumomi sun fi kula da ma'aikacin ofis da na masana'anta. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya lafiya a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. A Nijeriya kuwa, dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Madalla. Amma mai kitso, da mai keken ɗinki a cikin ɗaki, da mai matse man gyaɗa, wa zai biya su? Ranar da baya ya riƙe, ranar ciniki ya tsaya, kuɗin adashi da na makarantar yara su tsaya. Saboda haka mu ne masu duba wurin aikinmu da kanmu.

Dabarar kuwa ɗaya ce: a gyara aiki ya dace da jiki, kada a tanƙwara jiki ya bi aiki. Ki ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda ki yi shara a tsaye. Ki ɗora bahon wanki a kan benci ko dakali ya kai miki ƙugu. In za ki ɗaga kaya, ki matso kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwa, ki riƙe shi jikinki, kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu. Ki raba ruwa biyu ki yi sawu biyu, ko a turo shi a kura.

Mai ɗinki ta sami kujera mai majingina, ta jawo keken wurin haske don kada ta riƙa duƙar da wuya. Mai kitso ta zauna sama da wadda ake yi wa, yadda kafaɗunta za su sake. Kowacce ta riƙa miƙewa tana ɗan zagayawa bayan kamar rabin awa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku rataya jaka da hannuwanta biyu, ku ɗauki littattafan ranar kawai. In kuna duba waya, ku ɗago ta kusa da ido maimakon sunkuyar da kai.

Idan ciwon ya riga ya kama fa? Galibinmu kemis muke aikawa. To, jagoran nan na 2023 bai goyi bayan ɗaura bel na baya ba, haka ma magunguna masu bugarwa, dangin da tiramadol yake ciki. Ya fi ƙarfafa motsa jiki da tausa da wayar da kan mai ciwo. Kwanciya kwana da kwanaki ba ta warkar da baya. Yawan haɗiyar maganin ciwon jiki kuma yana iya taɓa ciki da ƙoda. Amma idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, ko bayan faɗuwa, sai asibiti nan da nan. Daga can, in da bukata, za a tura ki wurin masu gashin ƙashi ko babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Sai ki karanta wa maigida wannan shafi, ya ga cewa kuɗin benci da sandar tsintsiya ba su kai na katin asibiti da magani ba. Ki kuma raba aiki tsakanin yara maza da mata, kada tulu da turmi su ƙare a kan 'ya mace ita kaɗai. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.