Sankarar mama da 'ya'yanmu masu karatun ɗakin gwaje-gwaje



Duk yaron da ya ci jarrabawa a cikinmu, likita ake so ya zama. In ya samu kwas ɗin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, sai gida ya yi jugum kamar ya faɗi. A ganina muna kuskure.

A 2018 aka fitar da sakamakon binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta yi tare da abokan aikinta na Ibadan. Sun duba mata 1,136 masu sankarar mama, suka tarar kusan kashi 15 cikin 100 sun gaji wata tawaya a ƙwayoyin halittarsu, galibi a biyun da ake kira BRCA1 da BRCA2. Ana gadonta ta wajen uwa, ana gadonta ta wajen uba. In an gano, ƙannen mai jinya da 'ya'yanta sai su riƙa zuwa asibiti ana duba su tun abin bai yi nisa ba.

To wa ke ganowa? Mai aikin ɗakin gwaji. Shi ke tace DNA daga jini, ya auna ruwan da bai kai ɗigo ba da ɗan bututu, ya sa a na'urar PCR ta yi ta ɗumamawa tana sanyayawa wajen sau talatin, har guntun da ake nema ya ninku miliyoyi, sannan a karanta jerin haruffansa. Aikin hannu ne kamar ɗinki. Safar hannu mara tsabta kaɗai ta isa ta ɓata wahalar mako guda. Ɗalibi zai iya haddace duk wannan ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa riƙe bututun ba.

Mu mazauna kudu wuraren koyo na kusa da mu: cibiyar NIMR a Yaba, asibitin UCH a Ibadan, cibiyar ACEGID a Ede. Don haka idan lokacin SIWES ya zo, iyaye mu daina nema wa yaro inda za a buga masa hatimi kawai ya dawo kasuwa. Ya nemi irin waɗannan wurare, mu ɗauki kuɗin motarsa.

'Yan mata na fi yi wa kwaɗayin wannan. Baiwar Allah a Sabo ko Agege ba za ta miƙa jininta ga wanda ba ta jin yarensa ba, tana tsoron abin da za a yi da shi. Amma in 'yarmu ce sanye da farar riga ta zauna ta yi mata bayani da Hausa, za ta saurara.